Janareta mara mai: a auna shi kafin a yaba, a auna shi kafin a saya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku domin mu yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp, yanzu kuma ya shigo shagunanmu a nan Kaduna, wato injin da ake cewa yana ba da wuta ba fetur, ba gas, ba rana, ba wutar NEPA, wai shi ke ciyar da kansa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara wa 'yan Band A kuɗin wuta a Afrilun 2024, mai aski da mai walda da mai sayar da ƙanƙara kowa mafita yake nema, kuma ba mai ganin laifinsu. Mu sana'armu lantarki ce, wasunmu na gyara, wasunmu na koyarwa. Abin da ya dame mu abu biyu ne: kuɗin talaka da ke salwanta a kan wannan inji, da basirar samarinmu da ke ƙarewa wajen gyaran abin da ba zai gyaru ba. Injin ba ya aiki, kuma ba rashin kaya masu kyau ne ya jawo ba. Lissafi ne wanda duk mai iya ninka lamba zai bi da kansa.

Yawancin waɗanda ake haɗawa tsarinsu ɗaya ne. Batir mai bolt 12 ko 24 yana juya moton lantarki. Moton yana jan bel, bel yana juya altaneta, wato na'urar da ke mayar da juyi ya zama wuta, ko ta mota ko kan tsohon janareta da aka cire wa inji. Sau da yawa akan sa filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi, a tsakiya. Wutar da altaneta ta fitar sai a raba ta biyu: wata ta tafi ga ƙwayayen fitila da fanka, wata ta bi ta caja ta koma cikin batir. A ido abin ya yi daidai, an rufe da'ira, batir na ba moto, altaneta na mayar wa batir.

To, mu bi wutar mu gani nawa ke dawowa. A ce moto ya ja wat 1,000 daga batir. Moton DC irin wanda ake samu a kasuwa yana mayar da kimanin kashi 80 cikin ɗari zuwa juyi, sauran ya zama zafi a cikin kwayil da burushi. Saura wat 800. Bel da boris su ci kamar kashi 5, saura 760. Kan ƙaramin janareta mai lafiya yana fitar da kimanin kashi 75 na abin da aka ba shi, saura 570. Caja ta riƙe kashi 15, saura 485. Shi kansa batir mai ruwa ba ya ajiye duk abin da aka zuba masa, yakan mayar da kamar kashi 85, saura wajen 410. An fitar da dubu, an mayar da ɗari huɗu da goma, alhali ko ƙwai ɗaya ba a kunna ba tukuna. In kuwa altanetar mota ce, wadda da ƙyar take wuce kashi 55 zuwa 60, abin da zai koma bai fi 330 ba.

Wani zai ce ai kayan Panteka ne, tsofaffi, a sayo sababbi. A sayo. A sa moto mai kashi 95, bel mai 98, altaneta mai 95, caja mai 95, batir na litiyam mai 97. A ninka su, amsar ita ce wajen 815 daga cikin dubu. An rage asara, amma har yanzu asara ce. Kamar mutum ne ya cire naira dubu goma a wajen mai POS, ya sake ba shi ya tura masa cikin asusun nan dai, ya yi ta maimaitawa: ko cajin naira ashirin ne kacal, kowane zagaye kuɗin raguwa suke. Don injin ya ciyar da kansa har ya ba da wuta a gida, dole wani sashe nasa ya fitar da fiye da abin da aka ba shi, kuma babu moto ko altaneta ko caja a duniya da ke yin haka. Wanda yake shakka ya ɗora hannu a jikin moton bayan minti ashirin. Zafin da ya ji, wutar batirinsa ce ke fita zuwa iska.

Kuskuren da ya fi yawa wajen masu haɗa injin da zuciya ɗaya shi ne ɗaukar cewa da zarar altaneta ta kai gudunta, wutar da ke fita kyauta ce. Ba haka ba ne. Altaneta da ba a ɗora mata kaya ba tana juyawa da sauƙi, har da hannu. Da zarar wuta ta fara gudana a kwayil ɗinta, sai kwayil ɗin ya zama maganaɗisu mai turje wa juyin da ya haife shi. Yawan wutar da ka ja, yawan turjiyar. Heinrich Lenz ne ya bayyana wannan ƙa'ida a 1834, shekara uku bayan Michael Faraday ya gano yadda ake samun wuta daga motsin maganaɗisu. Duk mai janareta a Tudun Wada ko Rigasa ya san ta da kunne: a jona dutsen guga, nan take muryar inji ta yi ƙasa, ya fara nishi, ya ƙara shan mai. A janareta mara mai ma haka abin yake, sai dai a nan batir ne ke biyan kuɗin nishin.

Idan aka kai nan, akan kawo dabaru huɗu ko biyar, kowacce da amsarta.

Ta farko fuli, wato ƙafar da bel ke hawa. Ana sa babba a moto, ƙarami a altaneta, don ta kai juyi 3,000 a minti da ake buƙata kafin wuta ta fito daidai a kan ƙaramin janareta. Gudu yana ƙaruwa, gaskiya ne, amma ƙarfin murɗawa yana raguwa daidai gwargwado. Ka ninka gudu sau biyu, ka raba ƙarfi gida biyu. Haka taransfoma da inbata: suna ɗaga bolt 12 zuwa 220, amma kayan wat 1,000 da ke jan amfiya huɗu da rabi a ɓangaren 220, a ɓangaren batir amfiya 83 yake ja, in an haɗa da asara ya doshi 95. Mita ta nuna 220 ba hujja ba ce ta komai. Bolt matsi ne kawai, aikin da aka yi sai an ninka bolt da amfiya da lokaci.

Filawil kuma ma'aji ne, ba ya haifar da komai. Faifan ƙarfe mai kilo 20, faɗinsa santimita 40, yana juyi 1,500 a minti, abin da ya tara bai kai wat-awa ɗaya da rabi ba, alhali wat-awa dubu ne yunit ɗaya na mitar kati. Zai riƙe dutsen guga mai wat 1,000 na daƙiƙa biyar. Wannan ɗan abin ma batir ne ya zuba masa lokacin tayarwa. Amfaninsa shi ne daidaita juyi don kada ya riƙa fizga, shi ya sa yake cikin injin mota da injin niƙa.

Maganar maganaɗisu ta fi ruɗar mutane, don suna ganin yana jan ƙarfe shekara da shekaru bai gaji ba. Riƙewa daban, aiki daban. Maganaɗisu yana ba da ƙarfi sa'ad da ƙarfe ke matsowa gare shi, sannan ya karɓe daidai wannan ƙarfin sa'ad da ƙarfen zai wuce ya rabu da shi. A zagaye ɗaya na ƙafa, abin da ya bayar da abin da ya karɓe sun kashe juna, saura asarar boris da iska. Duk yadda aka jera su, aka karkata su, aka sa musu garkuwa, akwai wuri ɗaya a zagayen da ƙafar ke maƙalewa. Masu haɗawa sun san wurin nan sarai, nan ne suke tura ta da yatsa suna cewa saura ƙiris a gama saiti.

Akwai kuma na ruwa: famfo ya hau da ruwa tanki, ruwan ya sauko ya juya fanka, fankar ta ba famfo wuta. Tanki mai lita 1,000 a bisan mita 10 ya tara wat-awa 27 ne kacal. Ƙaramin famfo zai ci kusan ninki biyu na haka kafin ya cika shi, ƙaramar fankar ruwa kuma da wuya ta mayar da fiye da rabi. Ka kashe sama da 50, ka karɓi 14. Dam ɗin Shiroro da ke kan Kogin Kaduna yana da ƙarfin megawat 600 ne saboda ba shi ke hawa da ruwan ba. Rana ce ke ɗebe shi daga teku, damina ta zubo shi a tudu, ya gangaro da kansa. Mota mai shan ruwa ma labarin ɗaya ne: raba lita ɗaya ta ruwa zuwa iskar haidirojin da oksijin yana cin sama da yunit huɗu na wuta, kuma in an ƙona iskar ta koma ruwa, ba za ta ba da fiye da abin da aka kashe ba.

Wannan buri ya girmi lantarki nesa ba kusa ba. Bhaskara, masanin lissafi na Indiya, ya siffanta ƙafa mai bututun zaiba wajen shekarar 1150, da zaton gefe ɗaya zai riƙa rinjayar ɗayan har abada. Villard de Honnecourt na Faransa ya zana irinta mai guduma a ƙarni na 13. Robert Fludd na Ingila ya zo da na ruwa a 1618. A 1775 Cibiyar Kimiyya ta birnin Faris ta yanke shawarar daina duba irin waɗannan ƙirƙire-ƙirƙire gaba ɗaya, tun kafin a rubuta dokar makamashi, saboda kowanne aka gwada tsayawa yake. Dokar ta zo daga baya, a shekarun 1840, ta hannun Julius Mayer da James Joule da Hermann von Helmholtz: makamashi ba a ƙirƙirarsa, ba ya ɓacewa, siffa kawai yake sauyawa. Doka ta biyu, wadda ta samo asali daga aikin Sadi Carnot na 1824, Rudolf Clausius da Lord Kelvin suka kammala ta wajen 1850, ta ƙara da cewa abin da ya watse ya zama zafi ba ya tattaruwa da kansa ya koma aiki gaba ɗaya.

Mayaudara ma sun daɗe a harkar. A 1813 Charles Redheffer yana karɓar kuɗin kallo a New York, sai injiniya Robert Fulton ya ji ƙarar juyin ba ta tafiya daidai, ya ɓalle katako, aka ga siririyar igiya ta bi ta cikin bango zuwa wani ɗaki inda wani tsoho ke murɗa hannu. John Keely na Filadelfiya ya yi shekara fiye da ashirin yana karɓar kuɗin masu zuba jari. Bayan rasuwarsa a 1898 aka tarar da ƙatuwar tukunyar ƙarfe da bututu a ƙarƙashin daɓen ɗakin gwajinsa. A 2006 kamfanin Steorn na ƙasar Ireland ya ƙalubalanci masana su gwada na'urarsa ta maganaɗisu, a 2009 kwamitin da ya kafa da kansa ya ce ba a nuna masa ta samar da makamashi ba. Na yau kuwa batirin litiyam ƙanana ne da ake binnewa cikin katako ko gindin fanka, da ƙwan fitila mai batir a ciki, wanda ke kamawa ko da jiƙaƙƙen yatsa aka taɓa gindinsa. Bidiyon fulogi da maganaɗisu da ke cika wayoyinmu daga nan suke.

Muna jin masu cewa haka aka ce jirgin sama ba zai tashi ba. Amma ungulu ta fi iska nauyi kuma tana tashi a gaban kowa, babu dokar halitta da ta hana, inji mara nauyi ne kawai ba a samu ba a lokacin. A nan kuwa kowace tashar wuta, kowace mota, kowane firiji a duniya shaida ne a kan dokar, ana auna ta kullum ba ta taɓa saɓawa ba. Masu cewa kamfanonin mai ne suka danne fasahar, su tambayi kansu me zai hana ƙasar Sin, wadda ta fi kowa sayen ɗanyen mai daga waje kuma take ƙera yawancin moto da batira da maganaɗisun da ake haɗa injin da su, ta ƙera shi ta huta.

To me ya sa ake ganin yana aiki a wajen nuni? Saboda batir babban ma'aji ne, kayan da ake jonawa kuma ƙanana ne. Batir mai bolt 12, amfiya-awa 200, yana ɗauke da yunit 2.4, irin yunit ɗin mitar kati. Ƙwai biyar masu wat 10, fanka ɗaya, talabijin ɗaya, duka wat 170 ne. Ta hanyar moto da altaneta za su ja kamar wat 300 daga batir, wato kusan awa takwas kafin ya mutu. Mai saye ya tsaya minti talatin, ya ga wuta garau, ya biya. Da an jona kayan nan ga batirin ta inbata kai tsaye, da sun yi sama da awa 12. Ma'ana moto da bel da filawil ɗin da aka biya kuɗinsu ba abin da suka ƙara sai saurin cinye batir. Da yawa daga masu haɗawa su ma ba su sani ba, don sukan yi caji da wutar NEPA tsakanin gwaji da gwaji, su ɗauka ƙaramar matsala ce ta caja.

Ga yadda ake gwadawa, kuma ba ya buƙatar ɗakin bincike. A kai injin wurin da mai saye ya zaɓa, a ɗora shi a kan tebur yadda za a ga ƙarƙashinsa, a buɗe kowane akwati. A ƙirga batiran da ke ciki, a ninka bolt da amfiya-awa na kowanne, a haɗa. Biyu masu 200 sun zama yunit 4.8. A sa ƙaramar mita, irin wadda masu gidan haya ke sa wa kowane ɗaki, tsakanin injin da kaya. Kayan su zama masu jan wuta ba yankewa, kamar ƙwai goma na da masu wat 100. Dutsen guga bai dace ba, don yana kashe kansa in ya yi zafi. A bar shi yana aiki, da mai gadi a wurin, har mita ta ƙirga ninki uku na abin da batiran ke ɗauke da shi, wato wajen awa 15 a wannan misali. Ba zai kai ko kashi ɗaya cikin uku ba.

Wanda ba shi da lokacin wannan, ya nemi mita mai baki wadda ke auna amfiyar DC, ya kama duk wayoyin da ke kan ƙafa ɗaya ta batir a lokaci guda, ta moto da ta caja. Za ta nuna ko shiga wuta take ko fita, kuma fita za ta nuna. Ana iya auna batirin kafin a fara da bayan an gama, amma a bar shi ya huta awa uku ko huɗu, don yana nuna bolt na ƙarya in an cire shi daga caji yanzu-yanzu. Mai ruwa in ya cika yana nuna wajen 12.7, a rabi 12.2, ƙasa da 12 ya kusa ƙarewa. Gwaji mafi sauƙi kuma: in ya tashi, a zare batirin. Injin da ke ciyar da kansa ba ya buƙatarsa. Duk mai sayarwa da ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan, ya ce sirrin fasaha ne, a riƙe kuɗi.

Akwai haɗari ma bayan asarar kuɗi. Amfiya 90 zuwa 100 na buƙatar waya mai kaurin murabba'in milimita 25 zuwa 35 da fis kusa da batir, amma sau da yawa siririyar waya ake sawa ba fis, ta yi zafi ta narke ta kama katako. Batir mai ruwa yana fitar da haidirojin lokacin caji, burushin moto kuma yana tartsatsi, ga su a akwati ɗaya cikin shago a rufe. Filawil da aka yanka da hannu aka yi masa walda, in bai daidaita ba yana cinye boris, in ya ɓalle a kan gudu yana iya kashe mutum. Batirin da ake zuƙewa har ƙasa kullum kuma farantansa suna daskarewa da gishirin dalma, cikin 'yan watanni ya daina riƙe caji. Ƙa'ida ita ce kada a sha fiye da rabinsa.

Abin da ke ba da wuta ba tare da mai ba yana nan, kuma Allah ya hore mana shi a Arewa. Faifan sola mai wat 400, da awa biyar na rana mai ƙarfi, bayan an cire kashi ɗaya cikin huɗu na asara, yana ba da wajen yunit ɗaya da rabi a yini. Gida mai ƙwai shida masu wat 10 na awa shida, fanka biyu masu wat 60 na awa takwas, talabijin na awa huɗu da cajin waya, yana cin wajen yunit 1.6. Faifai biyu sun ishe shi har da rarar hadarin Agusta, muddin ana goge musu ƙurar hunturu, tare da batir biyu masu 200 da na'urar daidaita caji. Batirin da ke cikin janareta mara mai shi ne dai ake buƙata a nan, kuɗin moto da altaneta da walda kuma su tafi ga faifai. Yaron da ya iya naɗa kwayil, ya daidaita fuli, ya haɗa caja da hannunsa, ya riga ya mallaki rabin sana'ar haɗa sola, da gyaran inbata, da famfon rijiyar burtsatse mai aiki da rana don noman rani. Waɗannan ana nemansu daga Kawo har Sabon Tasha.

Roƙonmu gare ku, Malam Edita, da sauran 'yan jarida na rediyo da talabijin: idan aka kawo muku labarin matashin da ya ƙera janareta mara mai, kada ku kore shi, kada kuma ku buga kafin a auna. Ku tambaye shi batir nawa ne a ciki, da me aka yi musu caji, awa nawa injin ya yi da kayan wat nawa. Ku haɗa shi da sashen injiniyan lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a yi gwajin mita a gaban wakilinku, ku buga lambobin da aka samu tare da hoton.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran lantarki da malaman fasaha,
Kaduna.